Wancan Ne Nawa

Birnin Gwari,
Litinin, 12 ga Agusta.

Zuwa ga Yayata Lailatu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙane ga wadda ta goya shi. Yaya ƙarfin jiki, yaya kuma gwiwar nan da kika ce tana hana ki zaman tahiya? Yaya Malam da yara da mutanen Tudun Wada baki ɗaya? Ina fatan damina ta zo muku da alheri a Zariya.

Na iso jiya da la'asar. Kin ce in kira ki da zarar na sauka, ban kira ba. Zan iya ɗora wa sabis laifi, don gaskiya sai an hau tudu ake samunsa a nan, amma ba shi ba ne. In na ji muryarki bakina mutuwa yake yi. Shi ya sa na sayi takarda da biro, Muttaka direba mai lodin Zariya zai kawo miki.

Garin ya cika ya batse, Yaya. Mutanen ƙauyuka duk sun dawo ciki saboda mutanen daji, kowane kango da iyali a ciki. Ƙauyenmu na ƙasar Kazage kuwa an ce ciyawa ta kai tagar masallaci. Na sauka wurin Ƙasimu, abokina na yarinta, wanda kika taɓa zane mu tare a kan satar mangwaro. Yanzu yana cikin 'yan sa-kai masu tsaron gari, ya yi furfura, dariyar nan tasa ta tafi. Ya ba ni tabarma da tuwo, bai tambaye ni inda na shiga shekara goma sha uku ba. Da ya tambaya da ya fi mini sauƙi.

Abin da aka gaya miki game da yaron nan nawa gaskiya ne, sai dai ba a gaya miki duka ba. Su biyar aka tare a bakin dajin Kamuku a kan babura biyu, ɗauke da burodi da sigari da jarkokin fetur, za su kai wa mutanen daji. Babu makami a hannun kowa. Mai Unguwa ne ya roƙi arziƙi kada a miƙa su ga hukuma tukuna, tunda yara ne, kuma karon farko ne. Sharaɗin da aka gindaya shi ne uban kowane yaro ya zo da ƙafarsa, ya ɗauki alkawari a gaban dattawa cewa zai sa masa ido. Wanda ba a zo masa ba zuwa Juma'a, sai a wuce da shi Kaduna. Biyu iyayensu sun zo sun tafi da su, saura uku. Mahaifiyarsa Ma'u ta je sau uku, ana ce mata magana ce ta maza, ta nemo ubansa.

Na gan ta yau da safe. Tana da rumfa a tasha, tana suyar awara. Na laɓe a bayan wata tirela ina leƙenta kamar ɓarawon kaza. Ta rame, amma tsayuwar nan tata tana nan. Ƙasimu ya ce bayan alƙali ya raba aurenmu ta yi wani auren, mijin ya ce shi ba zai riƙe agola ba, ta kama hannun ɗanta ta fito, ba ta sake ba. Kafin in ganta na tambayi wani mai shayi ko ya san yaron gidan Sadisu na Kazage. Ya yi ta juya sunan, bai gane ba. Sai da na ambaci mai awara ya ce au, Ɗan Ma'u nake nufi. Haka duk garin ke kiransa. Na biya kuɗin shayin ban sha ba.

Yaya, bari in faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Motocin albasa da nake bi daga Ibadan ta cikin garin nan suke ratsawa. Sau huɗu na wuce ta gaban tashar nan, kowane karo sai in kwanta a kan buhuna in ja tamfol in rufe kaina har mu fita gari. Kin san da zan tafi cewa na yi damina ɗaya zan yi, in samo abin sayen babur in dawo. Shekarar farko ban samu ba, na ji kunyar dawowa hannu rabbana. Shekara ta biyu na ji kunyar ta farkon. Daga nan kunya ta yi ta haihuwar kunya, har na canza lambar waya don kada a same ni. Ke kaɗai na bar wa, ke ma sai da na sa kika rantse.

Ke kika san yadda nake zama a bakin hanya ina jiran Baba ya dawo daga Kurmi, kina zuwa kina ja na gida in magariba ta yi. Ni ne na rantse miki ba zan taɓa yi wa ɗana haka ba. To ga shi, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Gobe da hantsi zan je zauren Mai Unguwa. Abu ɗaya ke damuna. Rabona da yaron yana ɗan shekara huɗu, da ƙaton tumbi da fala-falan kunnuwa irin nawa. Na so in tambayi Ƙasimu yadda ya koma, amma da wane baki uba zai tambayi kamannin ɗansa? An dai ce jini ba ya ɓuya, da wannan na dogara.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida Malam, ki ce masa na gode da kiran da ya matsa ki yi mini.

Ni ne ƙanenki,
Sadisu.

Birnin Gwari,
Laraba, 14 ga Agusta.

Zuwa ga Yayata Lailatu,

Assalamu alaikum. Ina sake gaishe ki, da fatan kin tashi lafiya, ke da Malam da yara. Muttaka ya ce kin karanta waccan takardar kin yi kuka, kin kuma ce ya gaya mini in ci abinci. Na gode. Wannan ki karanta ta ke kaɗai, kada ki ba Jannatu ta karanta miki ko da idon ya gaji. Ba na son 'yarki ta san irin kawun da Allah ya ba ta.

Na je zauren jiya. Dattawa sun cika shi, ga Liman, ga Ƙasimu da mutanensa a tsaye, mata kuma sun taru a bakin ƙofa daga waje. Da na faɗi sunana da na Baba, sai gunaguni ya tashi. Wani tsoho ya ce shi ya ɗauka na daɗe da mutuwa. Aka shigo da yaran uku, aka zaunar da su jikin bango. An yi musu aski tas, duk sun yi duƙun-duƙun, kowa kansa a ƙasa. Mai Unguwa ya dube ni ya ce in kira ɗana ya taso.

Yaya, sunan yana bakina. Ban manta shi ba, ni na zaɓe shi. Amma kin san ɗan fari ne, ban taɓa furta shi ba. Kin tuna ranar suna na gudu gona da sassafe, kuka yi ta yi mini tsiya wai na fi Bafulatani kunya. Shekara huɗun da muka yi tare, “kai yaro” nake ce masa, in kuma zan yi maganarsa in ce “wannan”. A zauren nan da na daure na kira sunan, da ya ɗago kai, da ya taso, da babu wanda ya san komai. Amma sai wani tunani ya zo mini. Mutanen nan kallon mutumin banza suke yi mini, bari in nuna musu ni ma ɗan gidan tarbiyya ne. Na sunkuyar da kai na ce a yi mini afuwa, ɗan fari ne. Dattawa suka gyaɗa kai, Liman har da murmushi. Wallahi na ji daɗi a raina. Mai Unguwa ya ce to ba laifi, in nuna shi da hannu.

Sai a lokacin na gane ramin da na haƙa wa kaina. Na dubi yaran. Na tsakiya yana da manyan kunnuwa. Na miƙa hannu na ce wancan ne nawa.

Yaron ya ɗago ya dube ni, ya miƙe a hankali, ya zo ya durƙusa a gabana ya kama gefen rigata. Na ɗora hannu a kansa. Hawaye ya zo mini, na ce a raina ashe da gaske jini ba ya ɓuya. Ban lura zauren ya yi tsit ba sai da na ji muryar mace daga bakin ƙofa tana salati ƙasa-ƙasa. Muryar Ma'u ce. Na dubi Ƙasimu, na ga ƙasa yake kallo.

Na ƙarshen layin ne ya ɗago kai, wani dogo baƙi siriri. Ya yi wata 'yar dariya gajeriya wadda har in mutu ba zan manta da ita ba. Tsohon nan da ya ɗauka na mutu ya ce haba Sadisu, ga kamannin kakansa nan sak a fuskarsa. Ke da kin gane shi da kallo ɗaya, Yaya, don ke kin riƙe fuskar Baba. Ni ban riƙe ta ba, ina ƙarami ya tafi. Wanda na dafa wa kai sunansa Hamza, ɗan wata mata ce da ta rasu bara, ubansa kuwa tun yana ciki ya tafi haƙar zinariya, ba a sake jin ɗuriyarsa ba.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na yi dako a kasuwar Sasa ta Ibadan an zage ni da yaren da ban sani ba, an taɓa tuɓe ni a shingen hanya ana bincike, duk ban san kunya ba sai jiya. Abin da muke kira kunyar ɗan fari ado ne, na mutumin da yake gida, yana noma abin da yaro zai ci, yana jin tarinsa ta bayan zana. Shi in ya ƙi kiran suna, yaro ya san ƙauna ce. Ni kuwa na ɗauki adon na bar aikin.

Mai Unguwa ya tambayi yaron ko ya san ni. Ya amsa da ladabi, ba ɗaga murya, ya ce bai taɓa ganina ba, shi Ɗan Ma'u ake ce masa kuma ya ishe shi. Mai Unguwa ya juyo ya ce mini wanda bai gane ɗansa a cikin yara uku ba, ta yaya zai gane shi a cikin gari, balle a bakin daji? Ya ce ba zai karɓi alkawarina ba. Gaskiya ya faɗa.

Nan Ma'u ta matso bakin zaure ta durƙusa. Ta ce shekara goma sha uku ita ce uwa ita ce uba, ita ta kai shi kaciya, ita ta kai shi makaranta, ita ake kira in ya yi faɗa, ba a taɓa ce mata ta nemo namiji ba sai yau. Ta roƙi a bar ta ta ɗauki alkawarin. Dattawa suka rabu biyu. Aka ɗage maganar sai Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ranar da motar Kaduna za ta zo. Kin ga mutumin da aka kira ya ceci ɗansa, ya zo ya ƙara dagula masa lissafi.

Da aka watse ta tsayar da ni a gindin durumin ƙofar gidan. Na shirya wa zagi, ba ta zage ni ba. Labari ta ba ni, tana kallon gefe. Ta ce tun a firamare yara ke tsokanarsa wai a kasuwa aka sayo shi, kullum sai ya dawo da riga a yage. In aka ce kowa ya zo da ubansa makaranta, sai ya ƙi zuwa kwana uku. A aji biyu na sakandare ya daina gaba ɗaya, ya koma haya da babur ɗin wani. A nan ya haɗu da wani mutum daga cikin na dajin, wanda ya tambaye shi sunansa. Ya ce Ɗan Ma'u. Mutumin ya ce a'a, sunansa na yanka yake tambaya. Tun daga ranar da wannan sunan yake kiransa, cikakke, yana yanko masa nama da hannunsa. Ta ce yaron ya dawo gida yana ba ta labari idonsa na ƙyalli, wai yau wani babba ya kira shi da sunansa. Ta ce ba burodi ya kai shi daji ba, kuma ba abin da suke ba shi ba ne. Tana gama faɗa ta gyara mayafi ta tafi, mai yana jiranta a kan wuta.

Yaya, sunan da na zaɓa da kaina na ƙi furtawa, ɗan ta'adda ya tsince shi ya ja mini ɗa da shi. Ban ci komai ba tun jiya, ki yi haƙuri da saƙonki. Ki roƙa mana Allah dattawan nan su saurari Ma'u. Ni dai kada ki roƙa mini komai tukuna.

Ƙanenki,
Sadisu.

Birnin Gwari,
Asabar, 17 ga Agusta.

Zuwa ga Abdulfattah,

Assalamu alaikum. Ka ga na rubuta shi. Na daɗe biro yana hannuna kafin in iya, kuma na furta shi a fili sau uku ina rubutawa, har Ƙasimu ya leƙo ya ga ko da wa nake magana. Ina fatan ka kwana lafiya a ɗakin mahaifiyarka, kuma ciwon da igiya ta ji maka a wuyan hannu ya fara warkewa. Yaya jikin nata, da gajiyar kwanakin nan? An ce mini kana karanta Hausa sarai, shi ya sa na rubuto. In ka ga dama ka yaga, amma ka karanta tukuna.

Jiya da Liman ya ce amana ba a wando take ba, a wanda ya riƙe ta take, aka bar mahaifiyarka ta ɗauki alkawarinka, na yi hamdala. Ita ta fitar da kai, ba ni ba. Ina so ka riƙe wannan, kada wani ya taɓa gaya maka wai ubanka ya zo ya karɓe ka.

Ka ga abin da ya biyo baya, amma ba ka san abin da ke raina ba, kuma ina tsoron ka fassara shi yadda ba haka ba. Ɗayan yaron kawunsa ya zo tun Alhamis, ya rage Hamza shi kaɗai a jikin bango, mota kuma tana waje. Ka ji Mai Unguwa ya tuna mini cewa magana zarar bunu ce, a gaban shaidu na nuna yaron nan na ce nawa ne, ya tambaye ni ko na janye. Na ga ka juyo kana kallona. Na ce ban janye ba, sai aka karɓi alkawarina a kansa, aka damƙa mini shi. Ba musanya ka na yi da shi ba, Abdulfattah. Na ga ne in na ce na janye, na zama mutumin da ya yar da yaro sau biyu, kuma na biyun a gaban idonka.

Da muka fito na tambayi Hamza abin da ya sa ya taso ranar Talata, alhali ya san ba ni ne ubansa ba. Ya ce ya sani sarai, amma tun da aka haife shi ba a taɓa nuna shi an ce “nawa ne” ba, sai ya ga bari ya ji yadda abin yake kafin a gano. Ya ce in roƙa masa gafararka, hakkinka ya ci. Na ce masa ba shi ya ci ba. Shi zai kawo maka takardar nan.

Ba zan koma Ibadan ba. Na aika a haɗo mini 'yan komatsaina, ba su da yawa. Ƙasimu ya samo mini aikin lodin masara a kasuwa, Hamza zai riƙa bina. Ban zo da babur ɗin da na tafi nema ba, ban zo da komai ba. Ba zan ce maka talauci ne ya riƙe ni ba, don mahaifiyarka ta fi ni talauci kuma ba ta gudu ba. Tsoron idon mutane ne, na fifita shi a kanka. Ni ma ubana ya tafi ya bar ni ina ƙarami, na san zaman bakin hanya, na san yadda ake yi in an ce kowa ya zo da ubansa. Wannan ba uzuri ba ne. Shi ne ma ya fi muni, don da sanina na yi.

Mahaifiyarka ta gaya mini labarin mutumin dajin da ke kiranka da sunanka. Ba zan tsaya zaginsa a takarda ba, ka san abin da suka yi wa ƙauyenmu, ka san dalilin da ya sa kake kwana a kangon mutane. Abin da zan ce kawai, sunan nan ba shi ya raɗa maka ba. Na zaɓe shi tun kana ciki, ina kan kunyar gero a gonarmu ta bakin rafi, na yi ta maimaita shi a zuciya ina jin daɗinsa. A zuciyar ya zauna shekara goma sha bakwai, inda bai amfane ka da komai ba.

Ka faɗa wa dattawa ba ka san ni ba. Gaskiya ka faɗa, ban ji haushi ba, kuma ba na neman ka janye. Ɗan Ma'u suna ne mai daraja, ta biya shi da guminta.

Gobe da hantsi zan zo rumfarta a tasha. Ba ta bayan tirela ba, ta gaba zan zo. Zan tsaya inda direbobi da 'yan kamasho da mai shayin nan za su ji, in kira sunanka da ƙarfi. Tsofaffi za su ce Sadisu ba shi da kunya, yana kiran ɗan fari a bainar jama'a. Su faɗa. Ba dole ne ka amsa ba, ba dole ne ma ka waiwayo ba. Jibi ma zan zo.

Ka gaishe da mahaifiyarka, in za ta karɓa. Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka.

In na rubuta wa yayata, “ƙanenki” nake sawa a ƙasa. A nan akwai kalmar da ake sawa, amma ba ni da ikon rubuta ta da hannuna. Na bar mata fili. In wata rana ka ga ta dace, kai ka cike.

Ni ne ....................,
Sadisu.